Kitsen Jiki, Sinadaran da Yake Fitarwa da Kitsen Hanta: Tambayoyi da Amsoshi

A da idan aka ce hantar mutum ta taɓu, abu biyu ke zuwa ran jama'a: ko giya, ko ciwon hanta mai ƙwayar cuta. Yanzu na uku ya shigo, kuma a duniya ya fi su yawa. Ƙiyasin masana ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane suna ɗauke da kitse a hanta fiye da ƙima, akasarinsu ba su ma sani ba. Amsoshin da ke ƙasa sun fi mayar da hankali kan ɓangaren da likita ba ya samun lokacin yi wa mutum bayaninsa saboda layi, wato yadda kitsen jiki yake fitar da sinadaran da ke juya hanta.

An yi mini hoton ciki, aka rubuta cewa hantata ta yi kitse. Me hakan ke nufi?

Kowace hanta tana da ɗan kitse. Ana kiran abin cuta ne idan kitsen ya shiga sama da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta. Wanda ya saba tsayawa gaban mahauci ya san lafiyayyar hanta: ja ce mai duhu, gefenta siriri. Wadda ta tara kitse kuwa takan kumbura, launinta ya koɗe ya yi fatsi-fatsi, gefen ya dakushe, in aka yanka ta bar maiƙo a jikin wuƙa. A na'urar hoton ciki, mai dubawa yakan kwatanta hasken hanta da na ƙodar dama da ke kusa da ita. Idan hanta ta fi ƙodar haske sosai, sai ya rubuta cewa akwai kitse.

Hoton bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba, wato ko hantar ta fara kumburi ko tabo. Za mu zo kan wannan.

Ni ban taɓa shan giya ba. Ta yaya hantata za ta yi irin ciwon mashaya?

Wannan tambayar ta daɗe tana damun likitoci su kansu. Shekaru da yawa idan suka ga irin wannan hanta sai su ɗauka maras lafiyan yana sha a ɓoye, ya yi ta rantsuwa ba a yarda ba. A 1980 ne Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke Amurka suka bayyana rukunin majinyata da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Yawancinsu mata ne masu ƙiba, wasu da ciwon suga. Daga nan aka san cuta ce mai zaman kanta.

A takardun asibiti za ka ga NAFLD, wanda shi ne tsohon suna, ko MASLD, sunan da ƙungiyoyin likitocin hanta suka amince da shi a 2023. Sabon sunan ya ɗaure cutar da abokan tafiyarta: tumbi, suga, hawan jini da yawan maiƙo a jini. Idan kumburi ya shigo ana rubuta NASH ko MASH.

To mene ne haɗin kitse da homon? Ai kitse ajiya ce kawai.

Haka aka ɗauka har zuwa farkon shekarun 1990. Amma kitse nama ne mai rai, yana da jijiyoyin jini, yana da ƙwayoyin garkuwar jiki a cikinsa, kuma yana zuba sinadarai cikin jini kamar yadda maƙoƙo ko sauran gaɓoɓin homon suke yi. Sinadaran nan, waɗanda ake kira homon, suna kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, tsoka, jijiyoyin jini da hanta: ga yawan abin da aka ajiye, a ci ko a dakata, a ƙona kitse ko a tara. An gano ɗaruruwansu, amma biyu ne suka fi shafar hanta kuma aka fi sanin aikinsu, leftin da adifonektin.

Mene ne leftin, kuma me yake yi wa hanta?

Labarinsa ya fara da ɓeraye. A 1949 a wani ɗakin bincike mai suna Jackson a Amurka, aka lura da wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan uwansu nauyi. Daga baya Douglas Coleman ya haɗa jinin irin wannan ɓera da na lafiyayye, sai mai ƙibar ya rage ci. Ya ce lallai akwai wani abu a jini da mai ƙibar ya rasa. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano abin, kuma ya zamana kitse ne ke fitar da shi.

Aikin leftin shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan kitsen da ke ajiye. Kitse ya ƙaru, leftin ya hau, sha'awar abinci ta ragu. Mutum ya rame ko ya kwana biyu bai ci ba, leftin ya faɗi, yunwa ta taso, jiki ya rage ƙona abinci. A hanta kuwa, leftin daidai gwargwado yana hana kitse taruwa, yana taimaka mata ta ƙona wani ta fitar da wani.

Matsalar ita ce a jikin mai ƙiba leftin ya yi yawa har ƙwaƙwalwa ta daina jin kiransa. Jini cike da shi, amma yunwa na nan. Amfaninsa ya tafi, illarsa kuwa tana nan. Akwai wasu ƙwayoyi a hanta masu siffar tauraro da suke zaune shiru suna ajiye bitamin A, amma idan aka tayar da su sai su fara saƙa tabo. Leftin mai yawa yana cikin masu tayar da su. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna abin sarai: waɗanda ba su da leftin kwata-kwata hantarsu takan cika da kitse amma da wuya ta yi tabo, sai an ba su leftin tabon yake fitowa. A jikin mutane ma, an ga leftin yana ƙaruwa gwargwadon tsananin cutar, duk da cewa da wuya a rabe tasirinsa da na ƙibar kanta.

Adifonektin fa?

Wannan shi ne abokin hanta, kuma halinsa ya saɓa wa abin da hankali zai ɗauka. Kitse ne ke yin sa, amma duk lokacin da kitsen mutum ya ƙaru, musamman na ciki, sai shi ya ragu. Philipp Scherer ya bayyana shi a Amurka a 1995, masu bincike a Japan ƙarƙashin Yuji Matsuzawa na Jami'ar Osaka suka gano shi ta tasu hanyar a 1996, kuma su ne suka nuna yana raguwa a jinin masu ƙiba. Yawansa a jini ya ninka na leftin kusan sau dubu.

Idan ya isa hanta yana yin aiki huɗu. Yana sa ta ƙona kitse. Yana hana ta ƙera sabon kitse daga suga. Yana sa ta ji maganar insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, ta daina zuba suga cikin jini ba dalili. Sannan yana kwantar da kumburi, ya hana ƙwayoyin nan masu saƙa tabo tashi. Saboda haka idan ya yi ƙasa, an cire wa hanta kariya ta fuska huɗu a lokaci guda. Bincike da dama sun nuna masu kitsen hanta suna da ƙarancinsa, kuma waɗanda tasu ta kai ga kumburi sun fi ƙaranci.

In za a taƙaita abin da ke faruwa a jikin mai tumbi: leftin ya hau, adifonektin ya sauka. Shi ya sa masu bincike suke yawan duba su tare maimakon ɗai-ɗai.

Daga ina kitsen da ke hanta yake fitowa? Daga man da nake ci ne?

Kaɗan ne daga cikinsa. A 2005 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka bi sawun kitsen hanta a jikin majinyata ta hanyar sa wa abinci da jini alama. Suka samu kusan kashi 59 cikin 100 ya malalo ne daga kitsen jikin mutumin, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi daga suga da sitaci, kashi 15 kacal ya zo kai tsaye daga man abinci.

Kitsen ƙarƙashin fata kamar rumbu yake. Muddin akwai wuri kuma ginin da ƙwari, hatsi na zaune lafiya komai yawansa. Idan ya cika ya tsage, sai hatsin ya fara zuba a tsakar gida da ɗakin kwana, inda ba a tanada masa wuri ba. Ƙwayar kitse tana da iyakar girman da za ta yi. Idan ta kumbura fiye da ƙima, jini ba ya isarta sosai, wasu su mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a kansu, wurin ya yi kumburi. A wannan halin kitsen yakan daina jin insulin, wanda shi ne ke ce masa ya riƙe abin da ya ajiye. Sai ya yi ta sakin maiƙo cikin jini dare da rana, adifonektin ɗinsa kuma ya ragu. Hanta ce ke kwashe abin da ya zubo.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya: a mafi yawan mutane, ciwon ya fara ne daga kitsen jiki, hanta ta same shi daga baya.

Me ya sa ake tsoron tumbi fiye da ƙibar cinya da ƙugu?

Saboda hanyar jini. Kitsen da ke lulluɓe da hanji da tumbi, irin wanda ake gani fari-fari manne da kayan ciki idan an feɗe rago, jininsa ba ya zagaya jiki tukuna. Yana bi ta wata babbar jijiya da ke ɗauko jini daga hanji ta kai shi hanta kai tsaye. Duk maiƙo da sinadarin kumburin da ya saki, hanta ce ke fara karɓa tun ba su tsarwatsu ba. Ga shi kuma kitsen ciki ya fi saurin kumburi, ya fi saurin sakin abin da ya ajiye.

Kitsen cinya da ɗuwawu ya fi riƙe amana, yana ajiyewa ya daɗe bai saki ba. Shi ya sa za ka ga mace mai jiki sosai daga ƙugu zuwa ƙasa, suganta lafiya, hantarta lafiya, mijinta kuwa mai siraran ƙafafu da tumbi a gaba shi ne mai matsalar. A wajenmu tumbi yakan zama alamar an samu wuri, har a yi wa mutum kirari da shi. Hanta ba ta san da wannan ba.

Awon ba ya buƙatar asibiti. Tef ɗin tela ya isa. Mutum ya tsaya, ya ɗaga riga, ya zagaya tef ɗin tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya fitar da numfashi ba tare da ya tsotse ciki ba. Namiji ya wuce santimita 94, ko mace ta wuce 80, an shiga cikin ma'aunin da ake ƙirgawa a wannan cuta.

Ni siriri ne. Ke nan na tsira?

Ba lallai ba. Akwai mutanen da rumbunsu ƙarami ne tun asali, yana cika da wuri, don haka kitse yakan wuce hanta tun sikeli bai nuna komai ba. An fi ganin haka a mutanen Indiya da maƙwabtanta.

Misali mafi tsanani shi ne wata cuta da ba ta da yawa, inda ake haifar mutum kusan ba kitse a ƙarƙashin fatarsa. Jijiyoyi da tsoka duk a bayyane, amma hantarsa ta cika da kitse, ga suga mai wuyar sha'ani. Ba shi da wurin ajiya, leftin ɗinsa ɗan kaɗan ne, adifonektin ma ya yi ƙasa. Wani nau'i na wannan ya bayyana a Afirka lokacin da ake ba masu cutar ƙanjamau tsohon maganin nan sitabudin: kumatu da hannaye su zube, kitse ya koma ciki da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi daga 2009, amma wanda ya sha shi shekaru ya kamata ya gaya wa likitan da ke duba hantarsa.

Gado ma yana da hannu. Wani babban bincike a birnin Dallas na Amurka ya samu kitsen hanta a kashi 45 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, kashi 24 na baƙaƙen fata. A 2008 Helen Hobbs da Jonathan Cohen suka gano wata ƙwayar gado mai suna PNPLA3 da ke bayanin wani ɓangare na wannan bambanci. Kada baƙar fata ya ɗauki wannan a matsayin lasisi. Kashi 24 kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu.

Akwai wasu sinadaran bayan waɗannan biyun?

Akwai. Rezistin, wanda aka gano a Jami'ar Pennsylvania a 2001, yana hana insulin aiki a jikin ɓera, amma a jikin mutum ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka fi yin sa, kuma sakamakon bincike a kansa ya yi ta karo da juna. Waɗanda tasirinsu ya fi tabbata su ne sinadaran kumburi da kitse maras lafiya ke fitarwa, irin su TNF da IL-6. Tun 1993 aka nuna kitsen mai ƙiba yana fitar da TNF, kuma shi yana danne adifonektin. Hanta ita ma tana mayar da martani da nata sinadaran, don haka saƙon yana tafiya ta ɓangarorin biyu.

Ta yaya kitse ke zama tabo, kuma kowa ne ke kaiwa can?

Ba kowa ba. Mafi yawan masu kitsen hanta za su rayu da shi ba tare da hantar ta gaza ba. A wasu kuwa, maiƙon da ya yi yawa yakan fara raunata ƙwayoyin hanta, su kumbura su mutu. Jiki ya zo gyara, ya bar tabo. Ana ƙirga tabon daga mataki na 0 zuwa na 4, kuma na 4 shi ne ƙanƙancewar hanta, inda ta taurare ta yi ƙuraje-ƙuraje, jini ya kasa ratsa ta. Tafiyar takan ɗauki shekaru goma, ashirin ko fiye. Daga can ne ruwa ke taruwa a ciki, a yi aman jini, ko ciwon daji ya tsiro.

Matakin tabon shi ne ke nuna makomar mutum, fiye da yawan kitsen. Kuma abin da ya fi kashe masu wannan cuta shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, domin kitsen da ya lalata hanta shi ne dai ke lalata jijiyoyin jini. Wanda aka ce hantarsa ta yi kitse, a ranar ya kamata a auna masa hawan jini da suga.

Waɗanne alamu zan gani?

Yawanci babu. Wasu na jin gajiya ko nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Idan ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ciki ko ƙafa suka kumbura, an riga an yi nisa. Alamar da ta fi zuwa da wuri a fata take: baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata, wanda ake ɗauka dauɗa ce a yi ta dirza da soso ba ta fita. Wannan yakan nuna insulin ya yi yawa a jini.

In je a auna mini leftin da adifonektin?

A ganina asarar kuɗi ce. Gwajin na masu bincike ne, babu wani adadi da aka amince a ce daga nan cuta ta fara, kuma sakamakon ba zai canza abin da likita zai yi ba. Yana ma iya ruɗar da mutum: idan hanta ta ƙanƙance, adifonektin yakan koma ya hau saboda hantar ta kasa tace shi, sai mai ciwo mafi tsanani ya ga lamba mai kyau.

Abin da ke da amfani yana da araha. Awon zagayen ciki da tef, awon hawan jini, suga na kafin karin kumallo, maiƙon jini, gwajin hanta na ALT da AST, da ƙirgen ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Daga shekarun mutum da waɗannan ukun na ƙarshe likita zai lissafa abin da ake kira FIB-4. Ƙasa da 1.3, da wuya a ce akwai tabo mai yawa. Sama da 2.67, a ga likitan hanta. Tsakaninsu, a yi awon taurin hanta da na'urar FibroScan idan akwai. A lura cewa ALT na iya fitowa lafiya alhali tabo na nan, don haka shi kaɗai bai wanke mutum ba. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar wannan lissafin, domin fiye da rabin masu suga irin na manya suna da kitsen hanta.

Tunda ƙarancin adifonektin ne matsalar, babu allurarsa? Leftin fa?

Adifonektin babu. Sinadari ne babba mai sarƙaƙiya, jiki na buƙatarsa da yawa, kuma ba a kai ga mayar da shi magani ba. Duk wanda ya tallata maka ƙwaya ko shayi a intanet da sunan yana ɗauke da shi, ko yana gyara leftin, kuɗinka yake so.

Leftin akwai allurarsa, amma ga wanda ba shi da shi. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka gano wasu yara biyu 'yan uwa, 'yan asalin Pakistan, da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin. Da aka fara allurar, yunwar ta kwanta, ƙibar ta zube. Duniya ta ɗauka an samu maganin ƙiba. Da aka gwada a kan masu ƙiba na gama-gari, sakamakon bai taka kara ya karya ba, saboda su nasu leftin ɗin ya ma yi yawa. A 2014 Amurka ta amince da allurar Myalept ga masu cutar rashin kitse da aka ambata a sama, kuma a jikinsu tana rage kitsen hanta ƙwarai.

To wane magani ne ke akwai?

Wanda ya fi alaƙa da maganarmu tsohon maganin suga ne, fiyogilitazon, da ake sayarwa da sunan Actos. Aikinsa a kan kitse yake: yana sa jiki ya yi sababbin ƙananan ƙwayoyin kitse a ƙarƙashin fata, adifonektin ya ninka, kitse ya baro hanta ya koma mazauninsa. Mutum yakan ƙara kilo biyu zuwa huɗu amma hantarsa ta samu sauƙi, wanda hakan kansa hujja ce cewa inda kitse yake ya fi yawansa muhimmanci. Yana da illa: kumburin ƙafa, raunin ƙashi, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2010 ya kuma nuna bitamin E mai yawa yana rage kumburin hanta ga waɗanda ba su da suga.

A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Rezdiffra, magani na farko da aka yi musamman don wannan cuta, ga masu tabo a mataki na 2 da na 3. A 2025 ta ƙara da allurar rage ƙiba ta Wegovy. Dukansu suna da tsada, kuma ba na sayen kai ba ne a kemis.

Kilo nawa zan rage kafin hanta ta ji?

Ba sai an koma jikin samartaka ba. Wani bincike a Kyuba da aka wallafa a 2015 ya bi majinyata 293 shekara guda, aka ɗebi tsokar hantarsu a farko da ƙarshe. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyi ya fara rage kitsen. Waɗanda suka rage kashi 10 ko fiye, 9 cikin 10 kumburinsu ya tafi, kusan rabinsu tabon ma ya ja baya. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 5 zuwa 9 ke nan. Sai dai mutum ɗaya cikin goma ne ya iya kaiwa kashi 10 ɗin, kuma leftin na cikin dalili: da nauyi ya fara sauka sai shi ma ya sauka, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙaro yunwa. Wanda ƙibarsa ta dawo bayan ya sha wahala ya san jikinsa ne ke ja da shi, kuma ragewa a hankali ta fi ɗorewa.

Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ce mafarin.

Idan aka zuƙe kitsen da tiyata fa?

An gwada. A 2004 a birnin St. Louis na Amurka aka zuƙe wa mata 15 kitsen ƙarƙashin fatar ciki, kusan kilo 10 kowacce. Leftin ya ragu, amma adifonektin, suga, hawan jini da jin insulin duk suna nan yadda suke. Bututun ba ya kaiwa ga kitsen da ke cikin ciki.

Me zan bari a abinci? Azumi yana taimakawa?

A fara da abin sha. Rabin sugan da ke cikin lemon kwalba wani nau'i ne da hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi, kuma idan ya zo da yawa a lokaci guda sai ta mayar da shi kitse. Zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, da shayin mai shayi mai madarar gwangwani da cokali huɗu, duk layi ɗaya suke. Bayan haka sai yawan tuwo, farar shinkafa, burodi da taliya. A rage malmala, a ƙara miyar ganye, wake, zogale, kifi, da gero ko dawa da ba a surfe su tas ba. Gahawa ba suga an ga tana tafiya da ƙarancin tabon hanta. Giya kuwa a bar ta gaba ɗaya.

Azumi na iya taimakawa idan abin da aka ci a kwana ya ragu. Idan kuwa aka sha ruwa da lemo mai sanyi, ƙosai, soyayyen dankali da kunu mai suga, sannan tuwo ya biyo baya, aka kwanta, to an rama abin da aka rasa har da riba. Mai suga ko wanda hantarsa ta ƙanƙance ya yi shawara da likita kafin watan ya kama.

Maganin ƙara ƙiba da mata ke sha yana da hannu?

Ƙwarai kuwa. Yawancin haɗin da ake kira sha-ka-fashe yana ɗauke da dekzametazon ko danginsa, tare da maganin buɗe ciki. Ƙibar da yake kawowa ita ce mafi muni: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannaye da ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa. Yana sa jiki ya daina jin insulin, yana tura maiƙo hanta. Amarya ta yi kyau ranar biki, bayan shekara biyu a same ta da suga da hawan jini. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya riga ya dogara da shi kuma yankewar na iya kai ta kwance. Likita ne zai janye shi sannu a hankali.

Mata da maza ɗaya suke a wannan cuta?

Kafin al'ada ta ɗauke, mata sun fi samun kariya. Adifonektin ɗinsu ya fi na maza, kitsensu kuma ya fi zama a cinya da ƙugu. Bayan ta ɗauke, kitse yakan koma ciki, su kamo maza. Matan da ke fama da rikicewar al'ada tare da gashin haɓa da wahalar samun ciki, abin da likitoci ke kira PCOS, su tun suna matasa suke cikin haɗari.

Ina da ciwon hanta nau'in B, ga shi an ce akwai kitse. Wanne zan bi?

Duka biyun, kuma na B ɗin kada a yi wasa da shi. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar, don haka a yankinmu ba a yarda kitse ne kaɗai ke damun hanta sai an gwada B da C. Idan suka haɗu, tabo ya fi sauri, haɗarin daji ya ƙaru. Irin wannan mutum ya kiyayi gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a ajiya, domin gubar da ke cikinsu tana haɗuwa da ƙwayar B ta ninka haɗarin dajin hanta. Ya kiyayi jiƙe-jiƙen wankin hanta da ba a san abin da ke ciki ba, ya riƙa zuwa hoton hanta duk bayan wata shida idan likita ya sa shi a wannan tsarin, kuma a gwada matarsa da 'ya'yansa, wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi.